Neman kalmar da ta maimaitu a Helenanci

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta menō a manhaja don ka ga sau nawa ta zo a Yohanna 15, sai aka nuna maka sau ɗaya kacal. Manhajar lafiya lau take. Fi'ilin Helenanci yana sauya kama gwargwadon mai aikin da lokacinsa, don haka a aya ta 4 meinate za ka gani, a ta 5 kuma menōn, alhali duk tushe ɗaya ne, menō, ma'ana zauna.

Ka nemi tushen. Hanya mafi sauƙi ita ce lambar Strong, wato lambar da aka ba kowace kalma ta asali a Littafi Mai Tsarki: sa G3306, lambar menō, a manhajar STEP Bible ko Blue Letter Bible, sannan ka taƙaita binciken ga surar kaɗai. Dukansu kyauta ne, STEP kuma ana sauke ta a kwamfuta ta yi aiki ba intanet. Tunda a Kaltungo kake, ka sauke ta ranar da ka shigo Gombe.

Ka kuma duba wane bugun nassin Helenanci ka buɗe. A Markus, inda bugun Nestle-Aland ke da euthus (nan da nan), bugun Textus Receptus galibi eutheōs gare shi, lambarsu ma daban, sai lissafinka ya saɓa da na wani.