Sam Steele: ɗan sanda ne ko janar na soja?

Malam, ka ce wasu na kiransa ɗan sandan doki na Kanada, wasu kuma janar, kana son sanin wanne ne daidai. Duka biyun ne, a lokuta daban.

Da soja ya fara. A 1870 yana cikin dakarun Kanar Wolseley da aka tura yankin Red River na Kanada don kwantar da tawaye. Da aka kafa rundunar 'yan sandan doki ta Arewa maso Yamma a 1873, yana cikin mutanen farko da suka yi rantsuwa. Sunansa ya fi fitowa a 1898, lokacin rububin zinare na Klondike, a yankin Yukon na Kanada. Ya tsaya kai da fata cewa ba mai tsallaka mashigar dutsen Chilkoot zuwa Yukon sai da guzurin shekara guda, wanda da sauran kaya ya kai kusan tan ɗaya. A ganina wannan ne babban aikinsa, domin a Yukon yunwa da sanyi sun fi ɓarayi haɗari.

A 1900 ya jagoranci rundunar sojan doki ta Kanada mai suna Strathcona's Horse a yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, sannan ya yi aikin ɗan sanda a can har 1906.

Kuskure biyu ake yawan yi. Ana cewa ɗan RCMP ne, wato sunan rundunar 'yan sandan dokin Kanada na yanzu, alhali sai 1920 aka raɗa wannan suna, shi kuwa ya rasu a Landan a Janairun 1919. Ana kuma zaton ya yi yaƙi a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya kai Runduna ta Biyu ta sojan Kanada Ingila a 1915, amma aka sauya shi saboda shekaru.

Idan bincike kake yi, kada ka dogara da tarihin da ya rubuta na kansa kaɗai. Tuntuɓi ma'aikatan adana takardu na Jami'ar Alberta, a can wasiƙunsa suke.