Tambaya da Amsa: Faɗowa wajen rataye manyan bututun ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai haɗa bututu ne, muna aiki a wani babban ginin shaguna, muna rataye bututun ƙarfe mai inci 6 a ƙarƙashin dekin. Makon jiya abokin aikina ya faɗo daga kan tsani ya karye a ƙugu, alhali tsayin bai wuce mita uku ba. Ya daɗe a sana'ar, tsanin kuma lafiyarsa ƙalau. Me ke jawo irin wannan, yaya kuma za mu kauce masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, a irin wannan aiki galibi bututun ne ke kayar da mutum. Duba nauyinsa: mai inci 6, na kaurin da ake kira shedul 40, kilo 28 ne a kowace mita. Guda ɗaya mai tsawon mita shida ya kai kilo 170 ke nan.

Hatsarin yakan zo ne lokacin daidaita bakin bututu da na ɗan'uwansa. Mutum yana kan tsani, ya tallabi bututu da kafaɗa, hannayensa biyu suna kan sifana, ba abin da ya riƙe. Noti ya cije, ya ja da ƙarfi, sifana ta kuɓuce. Ko kuwa mai riƙe da ɗaya ƙarshen ya sassauta kaɗan, bututun ya mirgina ya ture shi gefe. Tsani an yi shi ne don nauyin da ke danna shi ƙasa, turin gefe kuwa nan take yake kifar da shi.

Don haka kada jikin mutum ya ɗauki nauyin ko na minti ɗaya. A fara kafa maratayai, da tazarar da zanen injiniya ya nuna. Ramin ƙusar kankare a huda shi daidai zurfin da masu ƙera ta suka rubuta, a hure ƙurar ciki, domin ƙusar da ta zauna kan ƙura takan zare daga baya. Sau da yawa ranar gwajin ruwa take tona asiri, tunda ruwan da ya cika wannan bututu yana ƙara kusan kilo 19 a kowace mita. Sannan a ɗaga bututun da sarƙar ɗaga kaya a wuri biyu, wani yana ƙasa can gefe riƙe da igiyar da ke hana shi lilo. Kada a baje majajjawar, wato igiyar da ke haɗa bututun da sarƙar, da yawa: idan ta kwanta har digiri 30 daga shimfiɗe, jan da ke kan kowace ƙafarta ya ninka na wadda take tsaye. Ba a kwance sarƙa sai maratayi biyu aƙalla sun kama an ɗaure su tam.

Mai haɗawa kuma ya tsaya a kan dandamali mai shinge, ko injin ɗaga ma'aikata mai almakashi. A karanta farantin da ke jikinsa: ƙananan kan ɗauki wajen kilo 230 ne, mutum biyu da kayan aiki sun kusa cinye shi. Ɗora bututu a kan shingen injin, ko taka shingen don a ƙara tsawo, ganganci ne tsagwaronsa.

Tambaya: An raba mana ɗamarar kariya mai igiya, amma ba mu da wurin maƙalawa sai bututun da muka riga muka rataye. Ya halatta?

Amsa: A'a. Maratayin bututu an lissafa shi ne don bututu da ruwansa. Mutumin da ya faɗo yana fizgar igiya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, shi ya sa ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka ta ce wurin maƙalawa ya iya riƙe fam 5,000, wato wajen kilo 2,270, ga mutum ɗaya. Idan ka maƙala a bututu, kana iya saukowa tare da shi, ya same ka a ƙasa. A nemi ƙarfen ginin kansa, ko zoben da aka kafa musamman don haka, kuma ya kasance sama da kafaɗa.

Akwai lissafin da ba a cika yi ba. Igiyar mita 1.8 ce. Jakar da ke jikin igiyar mai rage fizga takan warware har wajen mita 1.1. Ƙara tsayin mutum, mita 1.8, da ratar kusan mita ɗaya don kada ƙafa ta taɓa ƙasa. Jimla ta haura mita biyar da rabi daga wurin maƙalawa. A ƙarƙashin dekin mai mita huɗu, mutum zai bugi ƙasa tun igiyar ba ta gama aikinta ba. A irin wannan wuri sai igiya mai naɗe kanta, wadda ke cijewa da zarar an fizge ta kamar bel ɗin mota. Duk ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa kuma a cire ta daga aiki, ko da ido bai ga aibu ba.

Tambaya: Ramukan da aka bari a dekin don bututu su ratsa daga bene zuwa bene fa? Muna rufe su da falanki.

Amsa: Falankin da ba a kafe ba tarko ne. Mai jan bututu da baya-da-baya yake tafiya, idonsa na sama, ya ture shi da dunduniya bai sani ba. Ko kuma wani ya ɗauke shi yana zaton yasasshe ne, ya taka gaba ya zurma. Murfin ya iya ɗaukar ninki biyu na duk abin da zai bi ta kansa, a kafe shi da ƙusa, a rubuta RAMI da fenti. Ranar da aka buɗe don zura bututu, a kewaye wurin da shinge mai tsayin kusan mita 1.1, da sanda a tsakiya, da katako a ƙasa mai tare sifana kada ta faɗa kan na ƙasa.

Idan wani ya faɗo, kada a ɗaga shi ko a zaunar da shi, a riƙe kansa da wuyansa yadda suke har masu agaji su iso. Wanda ya rage a rataye cikin ɗamara kuwa a sauko da shi cikin 'yan mintoci, domin jini na taruwa a ƙafafunsa har ya suma, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau.