Tambaya da Amsa: Maganin Ɗiga Ido Idan Fangas Ya Kama Madubin Ido

Tambaya: Ranka ya daɗe likita, ina aiki a sashen magunguna na wani asibiti a Daura. Da kaka muna yawan ganin manoman da karmami ko ƙaiƙayi ya soke su a ido, har gyambo ya fito a madubin gaban ido. Idan ba mu da natamycin, wato maganin ɗigo na fangas, me za mu iya haɗawa?

Amsa: Malam, kafin komai a tabbatar fangas ne. Likitan ido zai kankaro gefen gyambon, a sa sinadarin gwaji na KOH mai kashi 10 a kan abin da aka kankaro, a duba a madubin duba ƙwayoyin cuta. Fangas ɗin da ke shiga ta raunin kara ko tsiro yawanci nau'in da ake kira Fusarium ne ko Aspergillus, kuma natamycin mai kashi 5 ne kan gaba a kansu. Ana girgiza kwalbarsa kafin a ɗiga, domin garin maganin yana kwanciya a ƙasa.

In babu shi, sai a koma kan allurar amphotericin B mai miligiram 50, a haɗa ɗigon ido da ita. A narkar da ita da mil 10 na ruwan allura, kowane mil ya zama miligiram 5. A zuƙi mil 3 da sabon sirinji, a ƙara mil 7 na ruwan allura, an sami kashi 0.15 ke nan. A nan ake yawan ɓata aiki: duk wanda ya sa ruwan gishiri na ƙarin ruwa, maganin zai tsinke ya yi gudaji, ya tashi aiki. Haske ma yana kashe shi, don haka kwalba mai duhu, cikin firji a kan digiri 2 zuwa 8, a rubuta ranar haɗi, a zubar bayan mako guda. Amphotericin ya fi ƙarfi a kan wani nau'in fangas da ake kira Candida, kuma yana da zafi a ido. A faɗa wa majinyaci tun farko kada ya daina.

Wani maganin fangas ɗin, voriconazole, ya fi sauƙin haɗawa. Kwalbar miligiram 200 da mil 19 na ruwan allura tana ba da kashi 1, sai dai bai kai natamycin ba a kan Fusarium. Duk wannan aikin ɗakin haɗa magani ne mai tsabta, da safar hannu da takardar likita, ba na kantin kemis ba.

Tambaya: Likita, mahaifina a Katsina ya yi kwana biyar yana ɗiga maganin fangas a ido, farin tabon bai gushe ba. Mu canza magani?

Amsa: 'Yar'uwa, fangas ba ya jin magani da wuri. Ana farawa da ɗigo kowace awa, dare da rana, kwana biyun farko, sannan likita ya riƙa ragewa, har mako huɗu zuwa shida ko fiye. Ki duba kwalaben da ke gida: duk wadda ke ɗauke da dexamethasone ko betamethasone a janye ta a kai wa likita, domin tana rage ja amma tana ciyar da fangas gaba. Ban da kwalli, ban da ɗiga nono ko ruwan ganye. Ko ya warke, hakiya na iya saura. Idan gyambon yana faɗi, ko mugunya ta taru a ƙasan baƙin ido, a koma asibiti a ranar. Mai yiwuwa a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.