Kafin kabewa, da me yaran Scotland suke yin fitilar Halowin?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne abin da tsohuwar maƙwabciyarki a Glasgow ta faɗa, cewa a yarintarsu ba da kabewa suke yin fitilar bikin Halowin na daren 31 ga Oktoba ba. Gaskiya ta faɗa miki. A wancan zamani, a Scotland da Ireland da tanif ake yi, wata dunƙulalliyar saiwa mai taurin ɗanyen rogo, wadda ake tonowa a daidai wannan lokaci na kaka.

Aikin ba wasa ba ne. Za a yanke samanta a ajiye a matsayin murfi, sannan yaro ya zauna da cokali yana ƙwaƙule cikin, har cokalin ya lanƙwashe, tafin hannu ya yi ja. Galibi uba ne yake ƙarasawa da wuƙa, ya fitar da idanu da baki mai haƙora. A sa guntun kyandir a ciki, a zura igiya a gefe biyu, yara su riƙe suna bi gida-gida suna waƙa ana ba su gyaɗa da tuffa. Abin da tsofaffin ba sa mantawa shi ne ƙaurin murfin idan wuta ta fara cinsa.

Kabewa kuwa a Amurka aka koma mata. 'Yan Ireland da suka yi ƙaura can, musamman bayan yunwar da ta fara a 1845, sun tarar ta fi girma, ga laushi, ga ciki a buɗe.

Ni dai shawarata, ki zauna da ita ta ba ki labarin da bakinta. Masu iya tuna wannan zamanin suna ta raguwa.