Amsa ga ƙanwarmu mai sabon gidan abinci

Assalamu alaikum, matan guruf barkanmu da yamma, ya sana'a? Ƙanwata mai sabon gidan abinci a ɓangaren Wudil, na saurari muryarki har ƙarshe. Kin ce ku huɗu ne a madafa, amma kullum abinci ba ya sauka sai azahar ta gota, masu saye sun watse, dare ya yi kuma ki kwana da ragowar shinkafa. Kina tambaya ko ki ƙara ma'aikaciya. To ni dai a nawa ganin kar ki ƙara kowa tukuna, ku huɗun nan kun isa. Abin da ke cin ki shi ne girkin yau a yau kike fara shi. Mai abincin sayarwa tun la'asar ɗin jiya take ɗora girkin yau, ko da ba ta hura wuta ba.

Bari in yi miki dalla-dalla. Bayan la'asar ciniki kan lafa, ko ba haka ba? To wannan lokacin ba na zaman hira ba ne. A lokacin ake tsince wake, a tsince shinkafa, musamman in 'yar Hausa ce kike dafawa, don da safe regewa kawai za a yi. A lokacin ake kai markaɗe inji. Kar ki yarda ki bar markaɗe sai da safe, domin da safe kowace mai abinci a garin tana bakin injin nan, in kuma mai injin ya ce ba wuta ko ba mai, to ranar ta tafi. In an dawo da shi a ɗora a wuta nan take, ya tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, sannan a rufe. Ɗanyen markaɗe ba ya kwana, tsami zai yi, balle a bazara. Albasa ce kaɗai ban yarda a yanka da dare ba, a bar ta sai da safe. In kina yin waina, ƙullunta dama kwana yake yi ya tashi, sai dai lokacin zafi ki jinkirta zuba yis, kar ya wuce misali kafin asuba.

Sai ruwa da itace. Wallahi waɗannan biyun sun fi komai ɓata wa mai abinci safiya. Ki yi magana da ɗan garuwa ɗaya tsayayye, ya cika miki duro da yamma, ki biya shi a kan lokaci don ya riƙe ki. Itace a faskara a shigar ƙarƙashin rumfa. Da damina jiƙaƙƙen itace kaɗai zai iya cinye miki awa guda kina fifita, idonki na hawaye, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba.

To in an yi sallar asuba, abin da ya fi daɗewa a wuta shi ake fara ɗorawa, ba abin da hannu ya fara kaiwa ba. Wake da nama su ne kan gaba, in akwai ganda ko ƙashi ma sun riga kowa. Nama kuwa ki daidaita da mahauci ɗaya, ya san adadinki na kullum, yaro ya karɓo da zarar an yi fiɗa, ba ke ki bar murhu ki tafi ciniki ba. Wake ki sa masa kanwa 'yar kaɗan, in ta yi yawa baƙi zai yi kuma ya ɓata wa mutane ciki. Romon naman nan shi zai shiga miya, shi ya sa miya take biyo baya. Sannan tuwo, a yi talge, a tuƙa, a bar shi ya sulala, a kwashe a leda a jera a kula, shi yana riƙe zafinsa. Shinkafa ta biyo. Taliya da ɗanwake su ne 'yan ƙarshe, ba sa jira, kaɗan-kaɗan ake yin su gwargwadon masu zuwa. Kuma murhu ɗaya ki ware shi na ruwan zafi kawai daga safe har yamma. Duk tukunyar da ta nemi ƙarin ruwa a ba ta mai zafi, ruwan sanyi mayar da girki baya yake yi.

Maganar ma'aikata, kowace ta san nata tun daren jiya. Wannan tuwo da miyarsa, wannan shinkafa da wake, wannan yanke-yanke da wanke-wanke. Amma gishiri da magi da daddawa hannu ɗaya ne yake zubawa, naki ko na wadda kika amince da harshenta. Direban da ya ci miyarki yau ya dawo jibi, wancan ɗanɗanon yake nema, in ya ji ya sauya ba zai yi miki magana ba, gaba kawai zai yi. Mai karɓar kuɗi kuma kar ta riƙa zuba abinci, kuɗi hannu nawa ya bi kafin ya zo gare ki?

Yanzu maganar ragowa, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne da kyau. Ki sayi littafi, irin na 'yan makaranta ma ya isa. Kullum ki rubuta kwano nawa aka dafa, ƙarfe nawa ya ƙare, me ya rage. Buhun shinkafa mai kilo 50 wajen kwano 20 ne, to ki san kwana nawa yake yi miki, ki san faranti nawa kwano ɗaya yake fitarwa da cokalin da kike zubawa da shi, kuma kar a sauya cokalin. Kafin wata ya zagayo littafin zai nuna miki ranakunki ba ɗaya ba ne. Ke da kike Wudil, Juma'a ce ranar kasuwarku, girkin Juma'a ba zai zama na Litinin ba. Mu nan hanyar Gujungu Lahadi ce tamu, sai Alhamis da motocin Maigatari ke wucewa. Ranar da ba kasuwa kar ki dafa shinkafar yini a tukunya ɗaya. Ki raba biyu, ta safe ta kai ki azahar, in kin ga ta kusa ƙarewa ki ɗora ta biyu, ruwan zafi dama yana nan, ba za ta daɗe ba. In ranar ta zo da rashin ciniki, ɗanyar shinkafarki tana buhu ba abin da ya same ta.

Kuma ba asarar kuɗi kaɗai nake jiye miki ba. Ma'aikatan lafiya suna cewa dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firij ba. Shinkafar da ta kwana a zafin garin nan, ko an ɗumama ta tana iya sa amai da gudawa, don gubar da ke taruwa a cikinta ɗumame ba ya kashe ta. Mu da muka ga kwalarar 2021, yadda ta kwantar da mutane a Kano da Jigawa, ba ma wasa da wannan. Baho uku na wanke-wanke, na sabulu, na ɗauraya, na ɗauraya ta biyu, a sauya ruwan da zarar ya yi duhu. Buta da sabulu a bakin rumfa don masu ci. Hatsi da garin tuwo a rufe a ɗora kan benci saboda ɓera, kin san shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Wake kuma ki shinshina kafin ki saya, in kin ji warin maganin ƙwari ki bar musu kayansu komai arharsa. Abin da ya rage da yamma ki bayar tun da zafinsa, almajirai da maƙwabta suna nan, kar ki jira sai ya juya sannan ki ce sadaka.

Ki turo min murhu nawa gare ki, itace kike amfani da shi ko gawayi, da kwano nawa kike dafawa ranar Juma'a da sauran ranaku, sai mu zauna mu jera miki tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Hajiyoyinmu da suka riga mu a sana'ar nan, in akwai abin da na tsallake ku ƙara mata don Allah. A gaida yara.