Abin da ke kai mu Borobudur

Allah ya gafarta Malam, saƙonka ya iso. Ka ce an nuna maka hoton yaranmu na Jakarta a gaban gumaka, kana tambaya ko zaman Indunusiya ya fara cin tarbiyyarmu. Ga yadda abin yake.

Mu 'yan kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta, hutunmu na kirki ɗaya ne a shekara, na ƙaramar sallah. Jakarta takan watse, kowa ya tafi garinsu. Waɗanda muka yi aure a nan sai mu bi surukai zuwa tsakiyar tsibirin Jaba, sauran 'yan'uwa su biyo mu don kada su yi sallah a kaɗaice. To, surukan nan, masu salla da azumi, su ne ke cewa a tashi a je Borobudur, tsohon wurin ibadar mabiya addinin Buda, a ga aikin kakanni. A wurinsu kufai ne na tarihi. Masu yi wa baƙi jagora da masu sayar da tsaraba a bakin ƙofa galibinsu Musulmi ne, kana sama ma kana jin kiran salla daga ƙauyukan kewaye.

Wurin yana kimanin kilomita 40 daga birnin Yogyakarta. Sarakunan gidan Sailendra, mabiya addinin Buda, suka gina shi tsakanin ƙarni na 8 da na 9, tun kafin Musulunci ya kafu a tsibirin. Ba ɗaki ba ne da ake shiga, ba shi da rufi. Tudu ne aka lulluɓe da dutse hawa tara, shida masu kusurwa huɗu, uku na sama a zagaye, sai babbar ƙubba a ƙoli. Kowane gefe na gindinsa mita 123 ne. Babu siminti, babu laka. Duwatsu wajen miliyan biyu aka sassaƙe, kowanne ya cije ɗan'uwansa. Da yake ƙasar ruwan sama ce, har indararo 100 suka fitar, an sassaƙa bakinsu da siffar dodanni.

Ta gabas ake hawa, kana zagayawa bango na damarka. Allunan sassaƙa 2,672 ne a jikin bangon, kuma nan ne ni na fi daɗewa, don ban da labarin Buda akwai rayuwar mutanen lokacin: mai huɗa da shanu, makaɗa, giwaye, jirgin ruwa mai filafilai. Jirgin nan ma an ƙera irinsa, ya tashi daga Jakarta a 2003, ya bi ta Madagaska, ya isa Ghana a 2004. Can sama kuma ƙananan ƙubbobi 72 ne masu huji-huji, kamar rumbunan da aka jera, kowacce da gunki zaune a ciki. Gumakan duka 504 ne tun asali, da yawa yanzu babu kai, an guntule an kai ƙasashen waje.

Mulki ya koma gabashin Jaba a ƙarni na 10, aka bar wurin, tokar duwatsu masu aman wuta da daji suka binne shi. Sai a 1814 Raffles, gwamnan da ke riƙe wa Ingila tsibirin Jaba, ya tura aka sare dajin. Babban gyara an kammala shi a 1982 da taimakon UNESCO, aka warware duwatsun aka shimfiɗa magudanan ruwa a ƙarƙashi, aka mayar da kowanne mazauninsa.

Amma muna da iyaka, Malam, yaran kuma sun san ta. Akwai masu zura hannu ta hujin ƙubba su taɓa gunki wai neman sa'a. Wannan ba ma yi, hukuma ma ta hana. Ranar bikin Waisak, da mabiya Buda ke tattaki daga wurin ibadarsu na Mendut da ke kusa zuwa can, ba ma zuwa, ibadarsu ce mu bar musu. In lokacin salla ya yi, akwai masallaci a harabar.

Ba kuwa dukanmu ke zuwa ba. Akwai dattijo a cikinmu da ke cewa ƙafarsa ba za ta taka inda gunki yake ba, yakan zauna a gidan surukai ya jira mu. Ba wanda ya taɓa ce masa ya tsananta, shi ma bai taɓa hana 'ya'yansa bin mu ba.

A gaida su Inna da almajirai.