Tambayoyinku: Anti, wane baƙin cakulan zan saya wa maigida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ƙanwarki ce daga Fadaman Mada a nan Bauchi. Maigidana mutum ne mai son zaƙi amma yanzu ya fara rage suga saboda hawan jini na gidansu ne, shine wata abokiyar aikina tace in gwada masa baƙin cakulan wai shi sugansa kaɗan ne kuma yana taimakon zuciya. Na shiga kanti na gansu kala-kala, wani an rubuta 70% wani 85% wani ma babu lamba, na dai ɗauki ɗaya mai ɗan sauƙin kuɗi. Da muka buɗe sai ga fari-fari a jikinsa kamar funfuna, kuma in an ci sai ya bar maiƙo a ganɗa. Dan Allah ya ake gane mai kyau? Kuma naga an rubuta liquor a bayan wani, giya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa maigida lafiya ya bar ku tare. Naji daɗin tambayar nan sosai dan mutane da yawa kuɗinsu ke tafiya a banza a kan cakulan, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne yanzu.

Lambar nan da kika gani tana gaya miki ne kashi nawa cikin ɗari na sandar cakulan ɗin ya fito daga ƙwayar koko, wato niƙaƙƙen kokon da man da ake tatsa daga jikinsa in aka haɗa su. Abin da ya rage kusan duk suga ne. Kinga kenan sanda mai giram 100 da aka rubuta wa 70% tana ɗauke da suga wajen giram 30, kusan cokalin shayi 7, mai 85% kuma bai fi rabin haka ba. Wanda babu lamba kam ni bana ɗaukarsa ko da kwalin ya kai wane kyau, saboda kamfanin da ya zuba koko da yawa ba ya ɓoyewa, a gaba yake rubutawa ɓaro-ɓaro. Kuma kar kalmar dark ta ruɗe ki, a dokar Tarayyar Turai ma koko kashi 35 kacal ya isa a sayar da abu da sunan cakulan, to mai irin wannan kinga fiye da rabinsa suga ne, baƙin ne kawai a ido.

Amma ainihin aikin a bayan kwalin yake. Ki juya ki nemi jerin kayan haɗi, ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, dan haka in kika ga suga ne a farko ki mayar musu da abinsu. Mai kyau zaki ga ya fara da cocoa mass wato niƙaƙƙen koko, sai cocoa butter wato man koko, sai suga, wani lokaci da ɗan banila da lesitin na waken suya, shikenan, abu huɗu ko biyar. Maiƙon nan da ya zauna muku a ganɗa kuwa ina kyautata zaton wanda kika saya an sa masa vegetable fat ne. Man koko yana da tsada, shi yasa masu yin na araha suke cire shi su maye gurbinsa da man alayyadi da aka daskarar, shi kuma wannan ba ya narkewa da kyau a baki. Man koko na asali a wajen digiri 34 yake narkewa, ƙasa da zafin jikin mutum, kina ɗora shi a harshe zai bi miyau ya tafi bai bar komai ba. Turai ta yarda a sa wani mai da bai wuce kashi 5 ba, kuma cikin mayukan da suka amince da su har da man kaɗanya namu na nan arewa, wannan ɗan kaɗan ɗin ba abin tashin hankali ba ne, amma in babu man koko kwata-kwata a jerin to alawa ce mai launin cakulan kika saya.

Maganar liquor kuma ki kwantar da hankalinki, cocoa liquor ba giya ba ce, kokon ne da aka niƙa har ya zama ruwa-ruwa saboda man jikinsa, babu ko ɗigon barasa a ciki. Waɗanda za ki kiyaye su ne masu ruwa a tsakiya da aka rubuta wa liqueur ko rum ko brandy ko whisky, waɗannan giya ce ta gaske, kuma sun fi zuwa a cikin akwatunan tsaraba da ake sayowa a filin jirgi a ƙasashen waje, sai a duba kafin a raba wa yara.

Farin da kika gani ba funfuna ba ne, zafi ne ya yi masa haka. Ki tuna abin nan a digiri 34 yake narkewa, mu kuma a Bauchi watan Maris da Afrilu zafi yana kai 40, ga shi an ɗauko shi a mota tun daga Legas ya kwana a hanya, ya zo kanti nepa ta ɗauke ta dawo, ya narke ya daskare ya sake narkewa, to man ne yake tasowa sama ya bushe ya yi fari. Ba ya cutarwa amma daɗin ya ragu, zaki ji shi gari-gari. Shi yasa a garinmu inda aka ajiye cakulan ya kai sunan kamfanin muhimmanci a wurina. Ki saya a kantin da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki da gaske, kar ki ɗauki wanda aka jera kusa da taga ko a tebur a rana, ki shafa kwalin da yatsa, ya kamata kiji layukan nan da aka tsaga a jikinsa, in kika ji ya lanƙwashe ko ya taru a gefe ɗaya ko takardar ta yi tabon mai to ya taɓa narkewa. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Lokacin hunturu ya fi dacewa da sayen sa. A gida ki sa shi cikin roba mai murfi kafin ya shiga firij, dan yana jan wari, in kika ajiye shi a buɗe kusa da daddawa ko kifi wallahi sai kin ji su a ciki, kuma in kin fito da shi ki bari sanyin ya ɗan sake shi a rufe kafin ki buɗe saboda kar raɓa ta sauka a kansa. Lafiyayye yana da sheƙi, in kika karya shi zaki ji ƙas.

Ga maigida mai son zaƙi, a fara da 70%, in aka kai masa 90% ranar farko zai ce a kai kasuwa. Ɗacinsa irin na goro ne, da farko bauri daga baya garɗi ya biyo, kuma dama koko da goro dangin juna ne a tsirrai. Ya ɗauki ɗan gutsure ya bari ya narke, ba taunawa da sauri ba. Akwai ɗaci mai kyau akwai kuma na lalacewa, in kunji ƙauri ko warin hayaƙi ko na ruma to matsalar daga gona take, domin bayan an fasa ƙwallon koko sai an tara ƙwayar an lulluɓe da ganyen ayaba kamar kwana 5 zuwa 7 ta ruɓa daidai, sannan a shanya a rana ta bushe sarai, a nan ƙamshin yake samuwa, wanda aka yi wa gaggawa ko aka busar da hayaƙi ko an zuba masa suga buhu guda ba zai gyaru ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna, ta lafiya. Gaskiya ne koko yana da sinadaran filabanol waɗanda bincike ya nuna suna ɗan sassauta jijiyoyin jini, amma sauƙin da suke kawo wa hawan jini kaɗan ne ƙwarai, dan Allah kar a ajiye awo da maganin likita a ce an samu cakulan. Giram 100 yana da kalori wajen 600, dan haka layi ɗaya, giram 20 zuwa 30, ya isa a rana. Yana da sinadarin kafeyin irin na kofi, mai wahalar barci ya ci da rana. In kinga an rubuta processed with alkali, an rage masa ɗaci ne da sinadari kuma yawancin filabanol ɗin ya tafi tare da ɗacin. Sannan a Disambar 2022 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada baƙin cakulan kala 28 ta samu ɓurɓushin dalma da kadmiyom, ƙarafa masu illa ga jiki, a cikinsu duka, wannan ma dalili ne na cin kaɗan, musamman masu ciki da ƙananan yara.

Tambaya: Anti mahaifiyata tana da ciwon suga, zan iya ba ta mai 85%? Daga ɗanki a Azare.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya ya saka maka da alheri. Mai 85% sugansa kaɗan ne amma akwai shi, ka nuna wa likitanta kwalin tukuna, in ya yarda to gutsure ɗaya bayan abinci, kuma a auna sugan a ga yadda jikinta ya karɓa. Masu rubutun babu suga ɗin nan da yawansu wani abin zaƙi mai suna maltitol ake sa musu, shi ma yana ɗan ɗaga suga kuma in ya yi yawa yana sa gudawa.

Tambaya: Wai me yasa abin nan ya yi tsada haka alhali a ƙasar nan ake noman koko? Milo ba zai wadatar ba? Wani malamin makaranta daga Yelwa.

Amsa: Malam ai abin da ciwo. Muna noman koko a Ondo da Osun da Kuros Riba, har nan kusa da mu a Kurmi ta jihar Taraba, amma yawancinsa ɗanye ake fitar da shi, a sarrafa a Turai a dawo mana da shi da kuɗin dala. Kwaddibuwa da Gana su ke ba duniya fiye da rabin kokonta, da cutar bishiya da rikicewar damina suka taɓa gonakinsu sai tan ɗaya da ya daɗe a wajen dala 2,500 ya haura dala 10,000 a 2024, ga kuma faɗuwar naira a kai. Akwai ƙananan kamfanoni a Legas da Abuja da suka fara yin baƙin cakulan da kokon gida, in ka ci karo da nasu ka juya bayan kwalin ka auna shi da ma'aunin da na faɗa a sama, ina son mu riƙa gwada namu. Milo da Bournvita abin sha ne na malt da madara da suga, kokon ciki bai da yawa, ba za su tsaya a madadinsa ba. In aljihu bai kai ba ka nemi garin koko zalla mara suga irin wanda masu yin kek ke saya, ka duba ka tabbatar koko ne kaɗai a jerin kayan haɗin, cokali ɗaya a ruwan zafi da 'yar madara, zaƙin kuma kai zaka sa da hannunka daidai yadda kake so, ga shi zafin Bauchi ba ya narkar da shi.